Shekarar Da Na Yanke Wa Mutanen Baba Kai

Na san abin da ake gaya muku a gidajen suna da wurin zaman makoki, cewa ubanku ne ya sa aljanu suka yi kuka a lasifika da rana tsaka a Daura, kuma shi ne ya yanke wa gumakan ubansa kai saboda tsoro. Kun tashi kuna jin wannan, wasunku har dambe sun yi a kansa, ni kuwa ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku yadda aka yi ba. Shiru gadonmu ne, kuma za ku ga abin da ya jawo mana. Yanzu da hannuna ya fara rawa, har ba na iya ɗiga dalma a kan waya, gara in rubuta tun alƙalami yana yarda da ni.

Kakanku, wanda ba ku riska ba, masassaƙi ne. Turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata, su ya ci da mu da su. Amma a cikin soron da ke bayan zaurenmu yana da wani aiki da bai taɓa kai wa kasuwa ba, mu a gida muna ce musu mutanen Baba. Su uku ne a kan faffaɗan katako, kowannensu tsayinsa bai wuce kamu ɗaya ba: mace mai daka, namiji mai jan guga, da wani tsoho a zaune yana zuga wuta da 'yan zugazugai na fatar akuya. A saman soron ya kafa fanka da ya yanka daga gwangwanin kananzir, ya ratso sanda ta cikin azara har zuwa ƙarƙashin katakon. In iska ta taso, fanka ta juya, sai mutanen su kama aiki ba wanda ya taɓa su. Kana tsakar gida da azahar, ƙofar soro a rufe, ka san ba kowa a ciki, sai ka ji daka duf, duf, ka ji igiya tana kuka a bakin rijiya, ka ji numfashin zugazugai. Can kuma, bayan kowane ɗan lokaci, sai ka ji wani sauti ƙasa-ƙasa kamar mutum ya yi gyaran murya. Irin gyaran muryar da Baba yake yi ne in zai shigo gida, sak. Ni da aka haife ni a cikin wannan ƙarar, har na yi gemu tsikar jikina ba ta daina tashi ba in na ji ta.

Kowace shekara, in bazara ta yi nisa kafin ruwan farko, Baba yakan ɗauki kasko da garwashi, ya zuba ɗanyen ganyen darbejiya da busasshen barkono, ya kai soron ya rufe ƙofa ya liƙe ta da tsumma har kwana biyu. In ya buɗe, sai ya zauna ya bi gaɓoɓin mutanen ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu man kaɗe. Maƙwabta suna ganin hayaƙi yana fita ta ramin sanda, suna ganin ya shiga da mai, kuma ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai taɓa ce wa kowa ga dalili ba. Baba in ka tambaye shi hanyar Zango ma da baki zai nuna maka. Sai magana ta zaga unguwa cewa turare yake musu, yana ciyar da su. Da ya rasu, abin da muka fara yi bayan sadakar arba'in shi ne muka ɗaure fankar da igiya, muka daina hayaƙin, muka daina man, don a daina yi da mamaci. Mun ɗauka gata muka yi masa.

Shekara huɗu soron yana rufe. Sai aka zo shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kowa ya shiga duba gidansa da na maƙwabcinsa. Ba zan ce muku abin bai yi daɗi ba, ni ma na yi kabbara har muryata ta dushe. Amma a wannan bazarar ce aka fara jin motsi a soron. Fanka a ɗaure, iska ba ta kaɗawa, amma in gari ya yi tsit bayan azahar, ka tsaya a bakin ƙofar, za ka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa farce a kan ƙwarya. In ka yi tari ya tsaya. In ka yi shiru ya ci gaba. Matan gida suka daina bi ta nan, sai su zagaya ta bayan rumbu.

Yayana Habu, babanku babba, dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua, har Kongolam yakan kai. Kada ku ɗauke shi mugu a wannan labarin, mutum ne mai zafin zuciya da kunyar idon jama'a. Wata ranar liman bai zo la'asar ba, aka ce Yaya Habu ya ja salla, sai wani daga sahun baya ya ce a bari sai ya share gidansu tukuna. Ya dawo gida fuskarsa kamar an watsa mata toka, ya same ni a zaure ina kwance wata rediyo.

"Isuhu, gobe zan fito da su in ƙone. Na gaji."

Na ce, "Yaya, aikin hannun Baba ne fa."

"Baban ne nake so in wanke. Kai kana shago da wayoyinka, ba ka jin abin da nake ji. Cewa ake yi abin da yake ciyarwa ne yake neman abincinsa."

Innarmu tana zaune a bakin ƙofar cikin gida. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata gani, amma kunnenta ya fi na kowa. Da yake Yaya ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye, sai ta bi ta kaina.

"Isuhu, ka gaya wa wancan, in zai sa wuta ya bari in mutu tukuna. Ba sauran nisa."

Na roƙi kwana uku. Ni mai gyaran rediyo ne, abin da na sani a duniya shi ne duk ƙara tana da inda take fitowa, kuma in ka bi ta za ka same shi. Na ciro wani ɗan faifan ƙarfe mai kamar kwabo daga cikin mataccen agogo mai ƙararrawa, na haɗa masa waya, na kai shi cikin wata ƙaramar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, na sa abin ji a kunne. Irin faifan nan ba ya jin maganar mutum a iska, sai abin da ke motsi a jikin abin da ka manna shi. Washegari da hantsi na buɗe soron. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na karanta duk abin da na haddace kafin in taka ciki. Suna nan yadda muka bar su, mai daka ta ɗaga taɓarya ta tsaya a sama, tsohon mai zuga ya sunkuyar da kai, ƙura ta zauna musu a ido. Na manna faifan a bayan mai daka.

Abin da ya shigo kunnena ya sa na kusa jefar da amfilifayar. Taunawa ce. Bakuna ne ba adadi suna ci, suna gurzawa, wani ya tsaya wani ya ɗauka, can ciki kuma ana buga wani abu a hankali. Na daure na matsar da faifan zuwa ƙafarta, ƙarar ta ƙaru. Na kai shi kanta, shiru. Na duƙa na duba ƙarƙashin katakon, sai ga gari mai laushi kamar na gero ya taru a ƙasa, ga 'yan ramuka kamar an soka allura. Gunda ce, ƙwaron nan mai cin itace da hatsi. Nan take na gane hayaƙin Baba da barkononsa. Ba turare yake wa kowa ba, ƙwari yake kora. Mu da muka daina don mu kare sunansa, mu muka buɗe wa gunda ƙofa, ita kuma ta ba mutane shaidar da suke nema. Na zauna a ƙasan soron na yi kuka, rabona da kuka tun ranar da aka binne shi.

Da na tsaya nan na kira mutum biyu masu hankali na sa musu abin ji a kunne, da ba ku gaji wannan sunan ba. Amma ubanku yana da son a ce ya iya. A lokacin akwai lasifikar wani mai tallan magani a shagona, irin mai bakin kakaki da ake ɗaurawa a kan mota. Na ce bari in sa duk unguwa ta ji da kunnenta, a wuce wurin. Bayan azahar na tara mutane a ƙofar gida, sun fi talatin, har da wanda ya yi wa Yaya magana a masallaci. Na jawo waya daga soro zuwa zaure, na ɗaga murya na ce yanzu za su ji ƙwaro ne ba aljani ba, na murɗa amfilifaya har ƙarshe.

Ban yi tunanin yadda taunar gunda za ta zama in ta fito ta bakin kakaki ba. Kamar ana karya ƙasusuwa a cikin ɗaki, kamar wani babban abu yana cin abinci a bayan bango. Mutane suka ja da baya. Na ruɗe, na ɗauko lasifikar na nufi soron da ita don in nuna musu inda wayar ta shiga, na dangana ta da katakon. Duk mai sana'ata ya san abin da ke faruwa in lasifika ta kusanci abin da ke ba ta sauti, ni ma na sani, amma a ranar na manta. Ta saki wani kuka mai tsawo, siriri, yana hawa yana hawa kamar mace a bakin kabari. Kafin in kai hannu in kashe, ƙofar gidanmu ba kowa sai takalma. Wani dattijo ya bar sandarsa, bai aiko an karɓa ba har ya mutu.

Yaya Habu bai gudu ba. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ka gama? To ka gama da mu."

Wanda ya cece mu daga wuta a ranar shi ne limamin unguwarmu, Malam Tukur, Allah ya jiƙansa. Bai zo taron ba, labari ya je masa. Ya zo da la'asar shi kaɗai, ya ce in cire kakakin nan in ba shi abin da na fara ji da shi. Ya tsuguna a soron da abin ji a kunnensa, ya daɗe, idonsa a rufe. Manomi ne kafin ya zama liman. Da ya cire sai ya yi murmushi.

"Wannan ai na san ta, ita ta cinye mini wake bara. Malam Isuhu, ba aljani a nan, kuma zan faɗa a masallaci. Mahaifinku na yi salla da shi shekara talatin, ban ga abin zargi ba."

Yaya ya ce, "To Malam, a bar su ke nan?"

"Ban ce ba. Batun aljani daban, batun sura daban. Ga ido, ga hanci, ga baki. Abin da na karanta shi ne in aka raba sura da kanta, ta koma itace kamar kowane itace. Ko a cire kawunan a bar sauran, ko a ƙone su yadda ka ce. Ku zaɓa, gidanku ne."

Yaya ya dube ni ya ce shi wuta ya sani, in ina son ɗaya hanyar, ni zan riƙe zarto da hannuna. Na ce na yarda, amma a bar ni in kwance fankar sau ɗaya su yi aiki in ɗauka a kaset. Ban san me ya sa na roƙi haka ba, sai dai mai rediyo ba ya son ƙara ta ɓace.

Kwana biyu muna jiran iska. A na uku da yamma hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu-duhu, kaji suka shige akurki. Na hau soro na kwance igiyar, na sauko na shafa musu man kaɗe yadda na ga Baba yana yi, na manna faifai a ƙarƙashin katakon na danna rikoda. Inna ta sa aka kawo ta bakin ƙofa aka shimfiɗa mata tabarma. Da farko fankar ta yi ƙara ta tsaya. Sai iska ta bugo, taɓaryar da ta shekara huɗu a sama ta sauko duf. Mai guga ya sunkuya ya miƙe, zugazugai suka fara numfashi, ƙura tana tashi daga kafaɗunsu. Sai tsohon mai zuga ya ɗaga kai, sautin nan ya fito, gyaran muryar nan. Na ga Inna ta kai hannu da sauri ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta gyara zama, yadda take yi in Baba zai shigo. Yaya ya juya ya fita. Na bar rikoda tana ɗauka har fuskar kaset ta ƙare, ruwa ya sauko.

Da safe na ɗauki zarto. Na fara da mai daka. Da kan ya rabu ya faɗo a tafina, nauyinsa ya ba ni mamaki, kamar dutse. Na juya shi, sai na ga Baba ya rarake cikinsa ya zuba narkakkiyar dalma. Haka na biyu, haka na uku. Kawunan nan ba ado ba ne, su ne nauyin da ke mayar da jiki bayan sanda ta tura shi. Na gane haka tun a na farko, kuma na ci gaba da yanka, don na riga na yi alkawari a gaban liman. Da iska ta sake tasowa fanka ta juya, sanda ta juya, mutanen suka ɗan karkata suka tsaya cak. Ba daka, ba guga, ba numfashi.

Inna ta kasa kunne daga ɗakinta har iskar ta wuce. Da na kai mata gaisuwa ta ce, "Da ka bar wancan ya ƙone su, da sun tafi da mutuncinsu." Wata uku ba ta ƙara ce mini komai ba bayan amsa gaisuwa. Wannan ya fi mini ciwo a kan duk abin da aka faɗa a gari.

Sauran shekarar a soron na yi ta. Na yi hayaƙin darbejiya da barkono, wannan karon ƙofar zaure a buɗe, duk wanda ya wuce in kira shi in ce ƙwari nake kashewa. Bayan hayaƙi na bi jikinsu da faifan, taƙi bayan taƙi. Inda na ji sauran tauna, in ɗura kananzir da sirinji a ramin, in dawo bayan mako in saurara. Ƙafar mai daka ta hagu ce ta fi taurin kai, sai da kaka ta yi na manna faifan na ji shiru. Daga nan na koma kan motsi. Na narkar da dalma na yi dunƙule-dunƙule, na ɗinke su a fata, ba ido ba baki, na ɗaura a inda kawunan suke. Awo bai taimake ni ba, don ba nauyin kaɗai ba ne, har da inda ya zauna. Kaset ɗin ne malamina. In sa shi a kunne ɗaya, faifan a ɗaya kunnen, in rage dalma, in matsar da ita gaba ko baya, har bugun taɓarya na yau ya faɗa daidai kan na ranar hadarin. Mai daka ta ɗauke ni wata biyu. Mai guga ya fi sauƙi. Zugazugai ma suka dawo da numfashinsu. Kawunan kuwa Yaya ya karɓa, bai ƙone su ba, ya haƙa rami a gonarmu ta hanyar Mashi ya binne, bai taɓa nuna mini wurin ba, ni ma ban tambaya ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi. Na canja fatar zugazugai, na sassauta, na ɗaure, na shafa mai, na goge mai, gyaran muryar nan bai fito ba. Na yi ta maimaita wurin a kaset har zaren ya fara miƙewa. Wata rana ina shafa wuyan tsohon da yatsa sai na ji ragowar wata 'yar fata a tsakiyar yankan, siririya kamar ganye. Baba ya sa ta tsakanin kai da wuya, in kan ya ɗaga sai ta gurji itace ta ba da sautin. Ta tsakiyarta zartona ya bi.

Da bazara ta zagayo, iskar hadarin farko ta taso, na je na durƙusa na roƙi Inna ta zo ta ji. Ta yarda. Aka shimfiɗa mata tabarma a inda ta zauna bara. Fanka ta juya, mutane uku marasa kai suka kama aiki, kowa a kan ƙa'idarsa. Ta karkatar da kunne, hannunta yana riƙe da bakin mayafi a kafaɗa, tana jira. Na san abin da take jira, na kuma san ba zai zo ba, amma ban iya faɗa mata ba. Iskar ta yi ta kaɗawa har ta gaji ta kwanta.

Ta ce, "Dakan ya yi. Gugan ma ya yi. Sannu da aiki, Isuhu."

Ta saki bakin mayafin, ta lalubi bango ta miƙe.

"Shi ne dai bai shigo ba."

Ba ta ga wata damina ba bayan wannan. Mutanen suna nan a soron, kun san su, ku kuka riƙa ce musu masu rawani saboda ƙullin fatar. Ku yi musu hayaƙi kafin ruwan farko, ku bar ƙofa a buɗe, ku faɗa wa duk mai wucewa abin da kuke yi ko bai tambaya ba. Kaset ɗin yana cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona. Zarensa ya yi laushi, ban san sau nawa ya rage masa ba, shi ya sa na daina sawa. In kun sa, ku kira 'ya'yanku su zauna tukuna, ku bar shi ya yi ta tafiya kada ku taɓa. Wajen tsakiya za ku ji kakanku ya yi gyaran murya.